Masu ɗauko min kaya daga Chana: abin da na gani a shekara uku

Mutane sun dame ni a WhatsApp wai wa ke ɗauko min kaya, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama suna ba don akwai inda zan yi ƙorafi, amma duk mai harka a kasuwar Alaba ta Legas ya san irin kamfanonin nan masu ofis a Apapa da sito a Guangzhou, ka tura kayanka su haɗa da na wasu a kwantena ɗaya, su gama da kwastan su kawo maka har bakin shago. Ni da ɗaya daga cikinsu nake harka, kayan sola nake kawowa, inbata da batir da fitilu.

Abin da ya sa na liƙe musu ba araha ba ce, don wallahi akwai waɗanda suka fi su sauƙi. Mutanen nan suna bin labaran duniya kamar cin abinci, kuma da shi suke yin lissafinsu.

Ƙarshen 2023 lokacin da 'yan Houthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya, manajansu ya kira ni da kansa ya ce Alhaji in kana da odar da za ka yi bayan azumi ka jawo ta yanzu. Na ce Alhaji ni ina ruwana da Yaman, ai jirginmu ko mashigin Suez ba ya bi, dama can ta ƙasan Afirka ta Kudu yake zagayowa ya hauro Legas. Sai ya yi min bayanin da har yau ina tuna shi, ya ce manyan kamfanoni irin su Maersk da MSC da Hapag-Lloyd sun daina bin can, duk jirgin da zai je Turai daga Asiya sai ya zagaye Afirka, ƙarin kwana goma ko fiye a kowace tafiya, to tunda tafiya ta ƙara tsawo dole su nemo ƙarin jirage kuma daga irin layinmu za a janye, sannan kwantenonin da aka sauke ba za su koma Chana da wuri ba, kaga wuri zai yi wuya kuɗin dako ya hau. Gaskiya rabin maganar na ɗauka, rabin kayan na jawo. Zuwa tsakiyar 2024 sai ga shi kuɗin dako ya tashi yadda ya faɗa, ragowar rabin nan da tsada na shigo da shi, ribar ma kusan duk a ruwa ta tafi.

Kafin nan ma da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe boda, su ne suka ce kar in tura wa kwastomomina na Maraɗi kaya bashi, in bar su a Kano tukuna. Bodar nan sai Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe ta. Da na tura da kuɗina sun kwana a can wata da watanni.

Na lura da yadda suke kare kansu. Farashin da suka ba ka na sati biyu ne kawai, in ya wuce sai sabo. Ba sa zuba duk kwantenoninsu a kamfanin jirgi ɗaya. Kuɗin dako kuma da dala suke lissafawa tun da aka saki naira aka bar kasuwa ta riƙa yanke canjinta a Yunin 2023, na kwastan ma sai sun ga canjin ranar sannan su faɗa maka, wannan ban ga laifinsu ba don kowa ya ga yadda canjin ya riƙa tsalle.

Inda suke ɓata min rai shi ne in abu ya taso nan da nan za ka ga sabon caji a takarda, wai na inshorar yaƙi ko na cunkoso, amma in ƙura ta lafa babu mai kiranka ya ce an cire, sai ka je ka yi magana da kanka. Ni sau biyu ina yin wannan rigimar kuma duka biyun an rage min, ka ga ke nan wanda bai yi magana ba ya biya. Sannan wannan kiran na gargaɗi ba kowa ake yi wa ba. Ƙanena da ke Agege kwali biyar shida yake sa wa a wajensu, ba wanda ya taɓa kiransa, a bakina yake jin komai, kayansa kuma sun taɓa yin sati uku a tashar jirgin ruwa ta Tin Can yana kiran waya ba a ɗauka. Haba, ai mai ƙaramin jari shi ya fi buƙatar a faɗa masa da wuri don shi ne ba ya iya ɗaukar asara.

In za ka yi harka da su ka yi, kaya na zuwa lafiya, ban taɓa rasa ko kwali ɗaya ba. Amma ka sa su rubuta maka kowane caji daban da ranar da farashin zai ƙare, kuma ka nemi lambar manajan ba ta yaran ofis ba. Yanzu haka ina da batir a kan ruwa, jiya na tura masa saƙo ya sa ƙanena cikin waɗanda yake kira, ya ce in sha Allahu zai yi.