Tike ya maƙale in kuran ya ɗauke: sharhina kan masu sarbar tiken wifi

Masu wifi zon na Maradi da ke shirin biyan abonma wajen mutanen nan masu sarbar tike ta intanet, ku tambaye su abu guda kafin ku ba da ko dala: in kuran ya ɗauke rawuta (akwatin da ke rarraba wifi) ta mutu, mi ke faruwa da waɗanda ke kan layi?

Ni wajena kusa da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yake, kiliyan ɗina ɗalibai ne, kuma kun san yadda wuta take lokacin zafi. Ranar da abin ya fi ƙona mini rai batir ya ƙare da yamma, akwatin ya mutu, da wuta ta dawo kowa ya sa kod ɗinshi sai a ce mishi tikenka na aiki a wata waya. Wace waya? Yara sun cika mini baki, wani yana cewa na saida tikenshi sau biyu, wallahi kalmar nan har yanzu tana ci mini rai, ni da ban taɓa cin dala ashirin ɗin kowa ba. Haka na zauna ina rufe zaman tikitin da suka maƙale ɗaya bayan ɗaya da hannu, masu tiken awa kuwa lokacinsu ya tafi alhali ba su buɗe komi ba.

Akwatina MikroTik ne kuma ba laifinshi ba ne. In mutum ya fita, akwatin ke aika ma sarbar RADIUS, wato mai tantance tike da lissafin lokaci, saƙon cewa wane ya tashi, to wanda kuran ya yanke ma numfashi ina zai aika saƙo? Sai sarbar ta ci gaba da ganin mutum a ciki, tike kuma na waya ɗaya ne, shi kenan ƙofa ta rufe.

Gaskiya yaron da ya gyara mini ya san aikinshi, Allah shi mishi albarka. Ya kunna abin da suke ce ma interim update, akwatin na kai rahoto duk minti 5, in sarbar ta yi minti 15 ba ta ji komi ba sai ta rufe zaman da kanta, ta tsaida lissafi a kan rahoton ƙarshe. Tun daga nan ba wanda ya sake zuwa mini da maganar.

Amma fa in na tuna sai raina ya sake ɓaci, don mi masu sarbar ba su sa shi tun farko ba, su ba su san ƙasar da suke saida abinsu ba ne? Sai da na yi ta bin su a WhatsApp ana ce mini a sake kunna akwati. Tikitin da na maida ma yara daga aljihuna ya fita, ko haƙuri ba wanda ya ba ni, ƙarshen wata kuma suka karɓi kuɗinsu cif. Ina nan tare da su don yanzu yana tafiya, amma kar ka biya sai an cire wayar wutar akwatin gabanka an maida, ka ga tike ya sake shiga.