Jinya a Ingila: abin da na gani bayan aikin ƙaba

Yaya, ina gaisuwa, da fatan su Hajiya da yara duk suna lafiya. Tun da labarin aikin ya iso gida kowa da tambayarsa: nawa aka kashe, wa ya kwana da ni, me nake ci. Ga bayani a dunƙule, sai ka karanta wa Hajiya hankalinta ya kwanta.

Aikin ƙaba a nan ba a kwana. Da safe na shiga a kan azumi, aka yi allurar barci, aka yi aikin, kafin magariba ina gida. Ko fam ɗaya ban biya a asibiti ba. Ba a aiki kowa sayo safar hannu ko ruwan ƙari ko zaren ɗinki ba, kuma ba a ce a kawo kuɗin ajiya kafin likita ya taɓa ni ba. Amma kada a ce kyauta ne. Hukumar lafiyarsu, NHS, wadda aka kafa a 1948, da haraji take tafiya, mu baƙi kuma da bizarmu ake haɗa kuɗin lafiya: fam 1,035 a shekara ga babban mutum tun Fabrairun 2024, ɗalibi fam 776. Ka biya tun kana lafiya lau. Sannan akwai jira. Ƙa'idarsu makonni 18 ne daga ranar da likita ya tura ka zuwa fara magani, mutane da yawa kuma suna wuce haka. A gida idan kuɗi na hannu, cikin mako an gama. A nan mai kuɗi da talaka layi ɗaya suke bi, sai wanda ya tafi asibitin kuɗi.

Magani ma da tsarinsa. Duk abin da likita ya rubuta, fam 9.90 ne kowane iri a Ingila, mai tsada ne ko mai araha. Farasitamol a babban kanti ƙwaya 16 ne a kwali, kuma ba sa sayar wa mutum fiye da kwali biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, irin wanda ake miƙa wa kowa a kemis ɗin unguwa, ba ka samunsa sai da takarda. Wannan na yaba ƙwarai, domin mun san mutanen da suka lalata cikinsu da shan magani barkatai. Idan ɗinki ya tayar maka da hankali cikin dare, ka kira lambar NHS ta 111 a ba ka shawara.

Inda abin ya yi mini nauyi shi ne bayan sallama. Sharaɗinsu, dole babban mutum ya zo ya ɗauke ka, ya zauna da kai awa 24. Daga nan asibiti ya gama nasa. A gida da yanzu zaure ya cika, ana shimfiɗa tabarmi, kwanukan kunu da farfesu na shigowa, mai jinya ba ya matsawa ko nan da can. A Manchester maƙwabcinka mutumin kirki ne, zai gaishe ka a bakin ƙofa, amma ba zai shigo ba sai ka gayyace shi. Maman yara ta ɗauki hutun da ya samu ta koma aiki, ga kai yara makaranta, ga ni an hana ni ɗaukar kaya mai nauyi har makonni huɗu zuwa shida. Autarmu ta miƙo hannu in ɗaga ta, in ce mata a'a. Wannan ya fi zafin ɗinkin ciwo a raina.

'Yan uwanmu Hausawa da ke nan su suka rufa mana asiri, Allah ya saka musu da alheri. A zauren WhatsApp aka raba kwanaki: wannan ya kwaso yara, wancan matarsa ta aiko da tuwo, wasu suka zo dubiya ranar Lahadi, don ita ce ranar da kowa ke da sarari. A nan dubiya sai da waya da sa lokaci, mutum ya baro aikin da ake biyansa da awa. Shi ya sa nake ganin girman kowane zuwa. Suna da aka yi a cikinmu ban samu halarta ba, na aika da nawa gudummawar, salla kuma a zaune nake yi tukuna.

Batun abinci, ka gaya wa Hajiya ba na yunwa. A unguwar Cheetham Hill da ke nan Manchester akwai mahautan halal, har da kaza mai tauri wadda ta fi dacewa da farfesu. Citta da tafarnuwa ko'ina. Gero, kuka da daddawa sai shagunan 'yan Afirka, da tsada, kuma daddawar ba ta kai ta gida ƙamshi ba. Idan an samu mai tahowa, a ba shi kuka da yaji da kanumfari. Kada a saka kilishi ko dambun nama, doka ta hana shigo da nama daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Kiran bidiyo kuma a bari sai bayan isha'i, a tuna lokacin sanyi agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya.