Feshin ɗaci na hana kare tauna kujera: kwana biyar na yi ina murna

Kwikwiyona yana wata biyar, daidai lokacin famfara, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, duk katakon da ya samu sai ya gwaguya. Ƙafar kujera ɗaya har ta fara kama da rake da aka tsotse. Shi ya sa na sayi feshin nan mai ɗaci.

Gaskiya ranar farko na yi mamaki. Na ɗiga kaɗan a auduga na sa masa a baki don ya san ɗanɗanon, sannan na fesa wa ƙafafun kujerun. Da ya kai baki sai ya ja da baya, yana girgiza kai, miyau na dalala. Bai sake kusantar wurin ba. Sinadarin da ke ciki, denatonium, yana cikin abubuwa mafi ɗaci da aka sani, kuma na shaida, domin ya taɓa min yatsa, na wanke hannu sau uku, duk abin da na ɗauka na ci ranar ɗaci kamar maɗaci.

Kwana biyar ke nan ina yabon abin. A rana ta shida na fita da sassafe ban sake fesawa ba. Na dawo na tarar ya koma kan ƙafar nan tasa ta da, ya ƙara da gefen matashin kujera. Ashe ɗacin gushewa yake yi, sai kullum an sabunta har tsawon makonni. Da ƙananan haruffa aka rubuta wannan a bayan kwalbar.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa teburina ne. Inda na fesa, sheƙin katakon ya dusashe, ya bar farin tabo da ya ƙi gogewa. Teburin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Kare bai taɓa shi ba, ni na ɓata shi da hannuna wajen kare shi. Duk wanda zai yi amfani da feshin, don Allah ya fara gwadawa a ɓoyayyen wuri.

Yanzu ya rage taunar, amma ina ganin robar taunawa da na saya masa da yawon da muke fita safe da yamma su suka fi taimakawa. Kwalbar tana nan da saura rabi, igiyar caja kaɗai nake shafa wa.