Wata takwas ina yawo da Pl@ntNet a gonaki, ga yadda na same ta

Salam 'yan uwa, musamman ku masu karatun ilimin tsirrai da gandun daji da aikin lambu. Tun da na fara aikin digirina na biyu kan itatuwan gida da suke ƙarewa a gonakin yankinmu nake amfani da wannan manhaja Pl@ntNet, wadda ke gane tsirrai ta hanyar hoto, yau wata takwas kenan, kuma duk ɗan ajin ƙarshe da ya ganni ina ɗaukar hoton ganye da waya sai ya ce yaya wai abin nan yana aiki kuwa ko ɓata data ne kawai, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Kyauta ce, ba sai ka biya ko sisi ba. Cibiyoyin bincike na Faransa ne suka haɗu suka yi ta, su CIRAD da INRAE da Inria da IRD, an fara aikin a 2009, ta waya kuma ta fito a 2013. Amfani da ita ba wuya, ka ɗauki hoto, ta tambaye ka wannan ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, ka zaɓa, sai ta jero maka sunayen da take zato kowanne da kashi nawa cikin ɗari take da tabbaci, ga kuma hotunan da wasu suka tura sai ka kwatanta da idonka. Kana iya haɗa hoto fiye da ɗaya na bishiya guda kuma wallahi nan ne sirrin yake, ganye kaɗai ba ya isa, amma ka haɗa ganye da fure da kwafso sai ka ga lambar ta ɗaga sama.

A kan itatuwan da aka sani gaskiya ta burge ni. Kuka, tsamiya, darbejiya, zogale, tumfafiya, aduwa, waɗannan kafin ka mayar da wayar aljihu ta faɗa maka. Amma abin da ya fi yi min amfani ba wannan ba ne, ai kuka ko yaron goye ya san ta. Sunayen kimiyya ne da suka canza mu kuma muna nan riƙe da tsohon littafin lakca. Bagaruwa da muka haddace a matsayin Acacia nilotica yanzu Vachellia nilotica ce, ɗakwara ta koma Senegalia senegal, tun bayan da masana suka raba wannan babban gida na Acacia a taron Vienna na 2005 aka kuma tabbatar a Melbourne a 2011, gawo ma Faidherbia albida ne. Ni a manhajar na fara ganin sabon sunan bagaruwa, na je na bincika na tarar haka ne, na gyara babi na biyu gaba ɗaya kafin in kai wa Malam. Wannan kaɗai ya isa in gode wa waɗanda suka yi ta.

To amma fa ku fahimci yadda take aiki don kar ku ɗora mata kayan da ba nata ba. Ita da hotunan da mutane suka tura take koyo, kuma mafi yawan masu turawa a Turai suke, don haka ciyawar bakin titi a Faransa tana da hotuna rututu, mu kuma ƙirya da taura da ɗinya da kanya da muke ci tun muna yara, mu nawa ne muka taɓa ɗaukarsu muka tura? Wannan abin yana damuna sosai. Ga kuma yanayinmu, rabin shekara itatuwa da yawa tsirara suke ba ganye, shi gawo ma nasa daban ne, da damina yake zubar da ganye ya fitar da rani, kenan in ka je gona a watan Agusta ɓawo da ƙaya kawai za ka samu, kuma hoton ɓawo kaɗai yana da rauni a wajen manhajar. Akwai ranar da nake tsaye a gindin wani itace da aka sassaɓe duk rassansa don dabbobi, ba abin ɗauka sai kututture, mai gonar dattijo ne ya matso ya ce yarinya ai wannan marke ne, ya ɓanɓaro ɓawon ya nuna min, ya ce da ganyensa ake rini kuma gawayinsa na da kyau shi ya sa aka dame shi, na ce Baba na gode, na rubuta. Tun daga ranar ba na shiga gona sai da mai gonar, waya a hannu ɗaya littafi a ɗayan.

Abin da ya sa nake ganin turawar nan aiki ne na gaske ba wasa ba, bayanan da aka tantance suna shiga rumbun GBIF inda masu bincike na duniya suke ɗiba in za su zana taswirar inda wani tsiro yake da inda ya ɓace. In ba mu tura ba taswirar yankinmu fanko za ta fito, sai wanda bai taɓa zuwa ba ya yi zaton ba komai a nan. Tun 1916 wani Bature masanin tsirrai mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga, da ƙafa da alƙalami, mu da muke da waya mai kyamara ai bai kamata a ce mun gaza ba.

Sai dai a kula da maganar wuri. Maɗobiya, wato Pterocarpus erinaceus, wadda 'yan katako ke kira madrid, an sare ta ba tausayi ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin dawa, daga 2017, IUCN kuma, ƙungiyar duniya ta kare halittu, ta sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Irin wannan itace in na ci karo da babba lafiyayye ba na yaɗa takamaiman inda yake, a littafina nake ajiye lambobin wurin. Kaɗanya da maɗaci ma suna cikin masu rauni a jerin IUCN, wanda da wuya mutum ya yarda in ya ga man kaɗanya a kasuwa, amma ku duba gonaki da kyau, tsofaffin itatuwa ne tsaye, ƙananan da za su gaje su babu.

Ga masu rubuta firojet, don Allah kar wanda ya je gaban malamai ranar kare aiki ya ce manhaja ce ta faɗa min. Dole ka yanko samfuri, ka danne shi a tsakanin jaridu ya bushe, ka rubuta rana da wuri da sunan da mutanen garin ke kiransa, ka kai ɗakin adana busassun tsirrai irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan a tantance a ba ka lamba, ita wannan lambar ce mujallar kimiyya za ta tambaya. Manhajar tana rage maka hanya ne, ka je wajen mai tantancewa da zato biyu ko uku maimakon ka je hannu rabbana.

Tana son intanet mai ɗan ƙarfi, a ƙauyukan da babu sabis nakan ɗauki hotunan in ajiye sai na dawo gari in tura, kuma a tafi da fawa bank don kyamara da rana suna shanye caji. A ɗauki hoto da safe ko la'asar, a sa ganyen a kan farar takarda in iska ta yi yawa.

Tauraro huɗu cikin biyar nake ba ta. Cikin hunturu maɗobiya ke yin furenta ruwan ɗorawa tana tsirara ba ganye, akwai guda uku da na yi wa alama, in Allah ya kai mu zan koma in ɗauki furen da 'ya'yan masu fiffike in tura, duk wanda yake da taura ko ƙirya a gonar gidansu shi ma ya ɗauka mana.