Madubin hangen nesa na farauta: abin da na gani a shagunan Wisconsin

Yaya, salamu alaikum. Da fatan kun shiga hunturu lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Inna, a ce mata sanyin nan bai kayar da ni ba tukuna. Saƙonka na murya ya iso, na kuma ji abin da kake so: madubin hangen nesa irin na mafarauta, mai babbar lamba. Zan aiko in sha Allahu, amma ba mai babbar lambar ba. Kafin ka ce ƙanenka ya koyi rowa a Amurka, saurari dalili.

Jihar da nake zaune, Wisconsin, garin maharba ce. A ƙarshen Nuwamba suna da kwana 9 na harbin barewa da bindiga, kuma mutum fiye da rabin miliyan ke yankar lasisi dominsa. Dole kowa ya sa riga mai launi mai kashe ido, galibi ruwan lemo, don kada ɗan'uwansa ya ɗauke shi nama. Doka ta yanka lokaci: ana fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, a daina minti 20 bayan faɗuwarta. Ka san a waɗannan lokuta biyu nama ke fitowa, a nan da can gida duk ɗaya. Shi ya sa mutanen nan ba sa gwada madubi da tsakar rana. Kowane madubi jarumi ne da azahar. Da duku-duku da almuru ake sanin na ƙwarai.

Akwai wani abu da ake koya wa duk mai neman lasisi, wanda ya burge ni: ba a duba abin da ba a tabbatar ba ta madubin da ke kan bindiga. In ka ga motsi a cikin ciyawa, madubin hangen da ke rataye a wuyanka za ka ɗaga, domin wanda ya leƙa ta na bindiga ya riga ya auna bakinta ga abin da bai sani ba. Na tuna yadda ake cakuɗuwa a farautar gayya, mutane da karnuka da yara masu gora, sai na ga wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar madubin.

Shagunan da ke sayar da kayan nan, irin su Cabela's, manya ne ƙwarai. Akwai tebur guda na madubai kawai, kuma mai jiran wurin zai miƙa maka na dala 3,000 ka riƙe, ka duba, ka juya, ka ajiye ka tafi, fuskarsa ba za ta canja ba. Ba taya, ba albarka, ba "nawa ka saya". Kuɗin da ke rubuce shi ne, har ma da ƙari, don sai ka je biya a ɗora harajin jiha, kashi 5 cikin ɗari da ɗan doriya. Ragi yana zuwa da lokacinsa, musamman ranar Juma'ar da ke bin bikinsu na godiya. In ka kai gida ka ga bai yi maka ba, ka mayar da rasit ɗinka cikin wa'adi a ba ka kuɗinka. Wannan kam sun fi mu, mu da kaya in ya bar bakin shago ya zama naka har abada. Amma ina kewar ciniki. A nan ko mai shago ya so ka, ba shi da ikon rage maka sisi.

Yanzu ga maganar lamba. Kowane madubi yana da lamba biyu, misali 8x42. Ta farko ita ce yawan janyowa: abin da ke nisan mita 400 zai zama kamar yana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. In ka raba ta biyu da ta farko, za ka sami faɗin hasken da ke isa idonka. A 8x42 ya ɗan haura milimita 5. A 10x42, milimita 4.2. A ƙaramin nan na aljihu, 8x25, milimita 3 da kaɗan. Ƙwayar idon mutum tana buɗewa a duhu zuwa milimita 5 ko 7, ta matashi ta fi, ta manya tana raguwa. To in madubi ya ba ka milimita 2 da rabi, kamar yadda 20x50 ke yi, da magariba duhu kawai za ka gani.

Ba nan kaɗai babbar lamba ke cuta ba. Duk abin da ya janyo barewa sau 20, ya janyo rawar hannunka sau 20. Da an wuce 10, sai da abin ɗorawa mai ƙafa uku, kai kuwa a ƙafa kake yawo ko a kan babur. Filin da kake gani ma yana tsukewa: mai 8 yana nuna faɗin wajen mita 130 a nisan kilomita guda, mai 10 wajen mita 110, daga nan sai ƙasa. Zabo ko fakara da suka tashi, kafin ka same su a cikin ɗan ramin nan sun shige duhuwa. Ga hazo kuma. Mutanen nan ba su san shi ba, amma mu da muke farauta daga bayan kaka zuwa bazara mun san ƙura da kawalwalniya su ne rabin abin da ke tsakaninmu da nama, kuma madubi mai ƙarfi su yake fara janyowa. A jihohin yamma irin su Montana da Wyoming, inda ake hange daga dutse zuwa dutse cikin iska garau, mai 10 ko 12 yana da amfani. A dajinmu mai sabara da geza da ƙaya, 8 ne daidai.

Waɗanda ake yawo da su a kasuwanninmu da tashoshin mota, masu jan gilashi kamar garwashi, an rubuta 60x60 ko wata lambar da ta fi haka, yawancinsu lambar ado ce kawai. Jan shafen nan ma ba ya ƙara gani da dare kamar yadda masu talla ke rantsuwa. Haske yake tarewa, ya bar maka duniya shuɗi-shuɗi. Ana sayar da irinsu a nan ma ta intanet, kada ka ɗauka mu kaɗai ake yi wa. In wani abokin farautarka zai saya a can, ga gwaji mai sauƙi. Ya riƙe madubin nesa da fuska, ya fuskanci sama: ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido ya zama zagayayye tas, ba mai kusurwa da inuwa a gefe ba. Ya dubi gilashin gaba: in yana ganin fuskarsa fes kamar a madubin ɗaki, haske ne ke komawa baya, mai kyau ɗan kore ko shunayya yake yi mai duhu. Sannan ya dubi wayar lantarki daga nesa na ɗan lokaci. In ta rabu biyu, ko ya ji idonsa na ja, bututun biyu ba su daidaita ba, kuma ciwon kai zai saya da kuɗinsa.

Farashi a nan hawa-hawa ne. Ƙasa da dala 50, araha ba ta ado. A sama akwai na Turai: Swarovski na Ostiriya, Zeiss da Leica na Jamus, manyansu daga dala 2,000 zuwa sama da 3,000. Na duba ta cikinsu, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, suna da kyau har gefen gilashi. Amma tazarar da ke tsakanin na dala 30 da na dala 200 ta fi wadda ke tsakanin na 200 da na 2,000 nesa ba kusa ba. Riba tana tsakanin dala 150 da 300, inda Vortex da Nikon da Bushnell da Leupold ke gogayya. A wannan kuɗin za ka sami gilashin da aka yi wa shafe hawa-hawa a kowace fuska, jiki mai roba, an toshe shi ruf an cika shi da iskar naitirojin ko argon don kada ruwa ko raɓa su shiga.

Abin da ya fi sayar da madubi a nan kuwa garanti ne. Kamfanin Vortex, wanda hedkwatarsa ke wani ƙaramin gari mai suna Barneveld a wannan jihar, yana cewa in madubinsu ya lalace, ko da kai ka yar da shi a kan dutse, za su gyara ko su canja kyauta, ba wa'adi, ba neman rasit, ko da hannu na biyu ka saya. Abin da ba su ɗauka ba shi ne ɓata, sata, ɓarna da gangan, da ƙarzuwar da ba ta hana aiki ba. Maharbin nan zai sa nasa a kwali ya kai gidan waya, ya koma ya zauna. Suna buƙatar hakan, don a ƙasar nan ba mai gyara a bakin titi, kuma ladan ma'aikaci na awa biyu ya isa sayen sabo.

Sai dai wannan alheri ba ya bin kaya zuwa ƙauyenmu cikin sauƙi. In ya fashe a hannunka, sai ka jira mai zuwa Amurka, ni kuma in jira mai komawa, farautar shekara ta wuce. Mai gyaran agogo na kasuwa, duk da gwanintarsa, in ya buɗe shi iskar ta fice, ƙura ta shiga, saitin ya tafi. Saboda haka ba garantin nake saya maka ba, wanda ba zai nemi gyara ba nake nema. Na bar masu zuƙowa da mayarwa, irin 10-30x, don kayan cikinsu sun yi yawa, saurin kwancewa gare su. Na bar masu batir da masu auna nisa. Na bar masu ganin dare, waɗanda da yawansu fitar da su daga Amurka ma sai da izinin hukuma, kuma ba na son a tsare ka a shingen jami'an tsaro ana tambayarka inda ka samo. Don wannan dalilin ne ma ba zan ɗauki mai zanen kakin soja ba, ko da yake shi maharban nan suka fi so. Baƙi ko kore zalla.

Wanda na tsayar shi ne 8x42 mai miƙaƙƙen bututu, nauyinsa bai kai gram 700 ba. Zan haɗa da igiyar da ke ratsa kafaɗu biyu ta riƙe shi a ƙirji, don ta wuya tana sa shi lilo yana dukan bindiga. In ya iso, ka saita shi sau ɗaya: rufe idon dama ka murza dabaran tsakiya har na hagu ya gani sarai, sannan ka rufe na hagu ka murza zoben da ke gefen dama. Daga nan dabaran tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Kada ka goge gilashin da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, za ta kankare shafen da muka biya kuɗi dominsa. A hure tukuna, sannan a shafa da ƙyallen da ke cikin jakar. A ja wa yara kunne kada su dubi rana da shi, makanta ce nan take. Na san kuma ranar 29 ga Sha'aban masu duban wata za su zo aro, wannan tsakaninku ne.

Abu ɗaya nake jira daga gare ka kafin in biya: har yanzu da tabarau kake shiga daji, ko na karatu ne kawai? In da shi kake shiga, sai in tabbatar na ɗauki wanda tazarar idonsa, wato nisan da ido zai iya tsayawa daga gilashin ya ga hoton duka, ta kai milimita 16 ko fiye, mai kofin ido da ake murɗawa ƙasa, in ba haka ba tsakiyar hoton kaɗai za ka riƙa gani. Akwai wani ɗan garinmu da zai taho gida kafin azumi, shi zan ba wa. Ka turo min amsa kafin ƙarshen mako.