Sayayyar kayan hannu kafin Kirsimeti a Jos: me za a saya, me za a yi a gida?

Da ruwan Oktoba ya ɗauke, hazo ya fara lulluɓe duwatsun Shere, sai lissafin Kirsimeti ya kankama a gidajen Jos: kayan yara, fentin falo, ɗan abin da za a riƙa wa dangi in an je ƙauye. Lissafin kuɗi kowa ya iya shi. Wanda ake yawan tsallakewa shi ne na yanayi. Garin nan yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, a daren Disamba sanyi kan sauko wajen digiri 11, wani lokaci ƙasa da haka, iskar hunturu kuma tana zuƙe danshin duk abin da ta tarar. Kayan hannu kuwa galibinsu daga katako, fata, duma, kaba da zare suke, duk abubuwan da ke canja kama in sun bushe. Saboda haka kafin ku ce "nawa ne?", ku fara tambayar kanku yadda abin zai kasance a ƙarshen Janairu.

Kayan sanyi su ne kyautar da ba ta kwana a akwati a garin nan. Hanya uku ce a gabanku: gwanjo a Kasuwar Katako da ke Laranto ko a wajen Terminus, inda 'yan kasuwa suka bazu bayan gobarar babbar kasuwa ta 2002; saƙar inji irin wadda mata ke yi wa 'yan makaranta; sai saƙar hannu, da allura biyu ko da kwarashi. In rigar sanyin babba ce, ni dai gwanjo mai kyau zan ce ku nema, musamman ranar da aka fasa dila. Saƙa wa babban mutum riga da hannu aikin makonni ne, zaren ma kaɗai zai iya cin kuɗin gwanjon. Ku ɗaga rigar sama ta fuskanci haske don ganin hudar asu, ku duba hammata da bakin hannu, nan ne tsufa ke fara nunawa. Amma na jarirai da ƙananan yara, saƙar hannu ba ta da na biyu. Ana yin ta daidai kan yaron, hula ta rufe kunne, safa ta kama ƙafa ba ta zamewa, kuma wadda ta iya za ta gama hula a yamma ɗaya ko biyu. Saƙar inji tana tsakiya: ga sauri ga sauƙin kuɗi in ana son kala ɗaya wa yara da yawa, sai dai ba ta kai ta hannu kauri ba.

Zaren ne ya kamata a tsaya a kansa. Yawancin wanda ke kasuwa na roba ne, ko da mai shago ya ce ulu ne. Ku yanki ɗan guntu ku kusanta shi da ashana. Gashin tumaki na gaske yana ƙaurin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa. Auduga tana ƙaurin takarda. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Na roban ba laifi ba ne, yana wankuwa ba ya tsukewa, kuma ba ya sa yaro ƙaiƙayi. Abin tsoro ɗaya ne: gidajen da ake jin ɗumi da kaskon gawayi. Tartsatsi in ya faɗa wa rigar roba, narkewa take yi ta manne a fata. Duk uwar da ta saƙa wa ɗanta irin wannan rigar, don Allah ta nisanta shi da kasko, kuma kada a rufe ɗaki ruf da gawayi yana ci.

Maganar tela ba ta buƙatar dogon bayani. Atamfar da ba ta isa shago ba kafin ƙarshen Nuwamba, mai ita ya shirya sa tsohon kaya ranar 25 ga wata.

Fata ce abin da baƙi suka fi tambaya in sun zo Jos, kuma a nan aka fi yin kuskure. Dukawan Naraguta, can gefen hanyar Bauchi kusa da jami'a, sun daɗe da suna wajen jaka, takalmi, walat da tim-tim. Akwai kuma shagunan kayan gargajiya a kewayen Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Bambancinsu shi ne, a wurin baduku za ku ga fatar kafin a yanka ta, ku zaɓi launi, a gwada ƙafar mai takalmi. A shago kuwa abin da aka gama za ku ɗauka, ga saurin biyan buƙata amma da ribar ɗan tsakiya a kai. In da sauran makonni uku ko fiye, ku je wurin mai yi. In saura kwana biyu tafiya, shago ya fi, don baduku a ƙarshen shekara aiki ya yi masa yawa.

Ko ina kuka je, ku juya bayan fatar. Ta gaske bayanta gashi-gashi ne, ta roba kuma yadi ne aka manna mata. Fatar akuya ta fi laushi, ita ce ta jaka da walat. Ƙirgin saniya ya fi ƙarfi, shi ya dace da ƙasan takalmi da maɗauri. Sai batun jima, kuma nan ne hunturu ke rufa wa mugun aiki asiri. Fatar da ba ta jemu ba ba ta wari a busasshiyar iska. Sai damina ta faɗi, ko an kai ta gari mai danshi, sannan ɗaki ya ɗauka. Ku ɗiga mata ruwa kaɗan a wani lungu, ku murza da yatsa, ku shinshina. Wadda majema suka jeme da bagaruwa yadda ya kamata ƙamshin itace-itace take yi, ba ƙarni. Ku kuma goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In rini ya biyo ƙyallen, haka zai biyo farar shaddar wanda kuka ba kyauta. A ƙarshe ku ja bakin ɗinki: abin da aka ɗinka da tsirkiyar fata ko zare mai ƙarfi zai shekara da shekaru, wanda aka liƙa da gam kawai zai buɗe baki kafin Ista. Tim-tim kuwa ku saye shi ba cushe ba. Ya fi sauƙin ɗauka, kuma tsofaffin kayan da ke gida sun isa su cika shi.

Ƙwarya iri biyu ce a kasuwa, mai zanen wuƙa ko na ƙuna da zazzafan ƙarfe, da kuma wadda aka shafe da fenti mai ƙyalli. Ta farkon zanenta a jikinta yake, ba ya gogewa. Ta biyun ta fi ɗaukar ido a ranar saye, amma fentin yana ɓamɓarewa, wani lokaci ma tsaga aka ɓoye a ƙarƙashinsa, kuma ba a zuba abinci a ciki. Ku ƙwanƙwasa da farce, ku leƙa ciki ko akwai ɗan gari-gari, alamar ƙwaro ke nan. Haka tukunya: mai lafiya ƙararta tas take fita, mai tsaga kuwa sai ku ji ta dushe. Tukunyar ƙasa ta gargajiya ta fi dacewa da ruwa da shuka fure. Ta zuba miya a teburi, a nemi mai santsin da aka gasa da wuta mai tsanani, irin aikin da cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta yaɗa, inda Ladi Kwali, mai ginin tukwanen da hotonta ke jikin naira 20, ta yi suna. Faifai kuwa ban ga dalilin da zai hana kowane gida sayen 'yan ƙwarori ba. Ranar Kirsimeti kwanukan shinkafa da nama suna ta ketara katanga zuwa maƙwabta, Kirista da Musulmi, kuma kwanon da aka rufe da faifai mai kyau ya fi wanda aka ɗaure da leda mutunci. A zaɓi mai matsattsiyar saƙa wanda haske ba ya ratsawa.

Yanzu aikin gida, inda kuɗi suka fi tafiya. Mai son sabon benci, kanta ko teburin cin abinci yana tsakanin abu biyu: katako na gaske, ko allon kamfani da ake matsawa daga garin katako, wanda kafintoci ke kira MDF. Allon ba ya tsagewa a hunturu, fuskarsa sumul, ana gama aiki da shi da wuri. Amma ba ya shiri da ruwa, in ya jiƙe kumbura yake yi, kuma doguwar kanta tana lanƙwasawa in an jibga mata kaya. Na wurin ajiye talabijin ya yi. Na kicin ko teburin da yara za su riƙa zubar da shayi, katako ya fi. Matsalar katakon ita ce, wanda ke kasuwa a Nuwamba da yawansa an yanke shi da damina, bai gama bushewa ba. A yi teburi da shi yau, zuwa Janairu ya tsuke, haɗin ya buɗe, ƙofa ta karkace. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa yana dunƙulewa in an matsa. Ku je Katako tare da kafintanku, ku ce busasshe kuke so ko da zai ɗara kuɗi. Araha ba ta ado. Maɗaci ya fi ƙarko da kyan launi, malaina ta fi sauƙin kuɗi kuma tana zama lafiya in ta bushe, farin katako mai taushi kuwa abincin gara ne in ba a shafa masa magani ba. Ku kuma dubi haɗin ƙafa: wanda aka huda aka zura ɗaya cikin ɗaya ya fi na ƙusa zalla nesa ba kusa ba.

Fenti aiki ne da mutum zai iya yi da kansa, in bango ɗaya ne ko ɗaki ɗaya. Fentin ruwa shi ne na wannan lokaci, yana bushewa cikin 'yan sa'o'i, a yi shafi na biyu a rana ɗaya. Fentin mai yana kwana bai bushe ba, ƙurar hunturu kuwa tana sauka ta manne a kai, don haka a bar shi ga ƙofa da tagar ƙarfe, a kuma yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Mai kyau lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, wato ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe zai ci wajen galan biyu masu lita 4 a shafi biyu. Bokiti mai lita 20 na arha sau da yawa sai an yi shafi uku ko huɗu, kuma yana biyo rigar duk wanda ya jingina. A fara da hantsi bayan sanyi ya saki, kuma sabon filasta a bar shi ya yi makonni ya bushe tukuna. Falo mai dogon bango da silin kuwa a kira mai fenti, faɗowa daga tsani ya fi ladansa tsada.

Bishiyar Kirsimeti ta roba tana shekaru, sai dai ta zo daga waje da tsadarta, kuma sai an riƙa kakkaɓe mata ƙura. Ɗanyen reshe mai ganye kamar allura, irin na lambunan Jos, ya fi ƙamshi, amma a wannan iskar kwanaki kaɗan ne ya bushe, daga nan kuma makamashi ne a tsakiyar falo. In shi ake so, a yanko shi dab da ranar, daga itacen da aka ba da izini, a kafa shi a bokitin jiƙaƙƙen yashi. Abin da na fi so shi ne shuka mai rai a tukunya daga masu furanni na bakin titi, a ƙawata ta, bayan biki a mai da ita tsakar gida. Adon kuma ba sai an saya ba. An gama girbi, kara yana ko'ina, kuma yaron da ya iya haɗa motar kara zai iya haɗa tauraro, ko komin dabbobin da aka kwantar da jariri Yesu, tumakin a gina su da yumɓu. Guntayen atamfa na wurin tela su zama tutoci. Fitilun ado a ɗauki na LED, ba sa zafi, masu batir kuma ba ruwansu da ɗauke wuta. Kyandir kada ya kusanci kara ko kaɗan.

Masu son haɗa sabulu don rabawa su duba kalanda. Sabulun sanda da aka haɗa da soda da man alayyadi yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, wanda aka yi a tsakiyar Disamba ba zai gama nuna ba kafin biki. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, a sa safar hannu, kuma ban da tukunyar alminiyam. In lokaci ya ƙure, a buga man kaɗanya da ɗan man kwakwa har ya yi laushi a ɗura a ƙananan kwalabe. Aikin yini ɗaya ne, kuma a watan kaushi da faso babu gidan da zai ƙi shi.

Duk aikin da za a ba mai sana'a, a ba da kafin alƙalamin da zai isa sayen kayan aiki, sauran sai an karɓa, a kuma sa ranar karɓa mako guda kafin ainihin ranar buƙata. Ciniki halal ne, amma tsohuwar da ta yi kwanaki tana saƙa faifai ba ita ce za a matse ba, in ta ce albarka a ƙara mata. Masu wucewa Abuja ko Legas da tsaraba su naɗe tukunya da ƙwarya cikin tufafi su riƙe a cinya, kada su shiga but. Kayan fata kuwa a cire su daga leda da zarar an isa, don a gari mai danshi fumfuna suke yi, a ajiye su cikin jakar yadi inda iska ke shiga.