WebGNOME, manhajar da ke nuna inda malalar mai zai nufa a teku

Jama'a duk mai karatun muhalli ko aikin mai ya gwada WebGNOME, ta NOAA ce, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, kyauta ce kuma a burauza take buɗewa ba sai ka sauke komai ba. Kai dai ka sa wurin da man ya zube da yawansa da irinsa, ka ƙara iska da igiyar ruwa, sai ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe suna tafiya a taswira awa bayan awa har su taɓa gaɓa. Akwai kuma jajayen ɗigo, su suka fi burge ni wallahi, su ne ke nuna inda man zai iya kaiwa idan hasashen iska ya kuskure, to nan ne ake sanin inda za a fara ja shingen roba tun kafin ya shiga dajin itatuwan bakin teku wato mangurof da wuraren masunta. Tana ma lissafa nawa zai bi iska, nawa zai cakuɗe da ruwa. Da GNOME, manhajar da WebGNOME ta samo asali daga gare ta, NOAA ta yi hasashe lokacin malalar man Deepwater Horizon a Tekun Mexico a 2010.

Sai dai shiryayyun taswirorinta yawanci na gaɓar Amurka ne, in Neja Delta kake so kamar malalar Bonga ta 2011 sai ka nemo bayanan igiyar ruwan da kanka, kuma tana son intanet mai ƙarfi.